Karatun gida ko makarantar kuɗi: wanne ya fi wa yara maza?

Ƙanwata ta kira ni daga Gombe wani daren Lahadi, saura kwana 8 a koma makaranta. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Adda, takardar kuɗin makaranta ta iso. Wallahi cire su zan yi, in yi irin naki." 'Ya'yanta 2 ne, duka maza, babban shekararsa 7, ƙaramin 5. Na ce mata ta tura takardar ƙarƙashin filo ta kwana tukuna. Wanda zafin biyan kuɗi ke cinsa ganin kitse yake wa rogo, ni kuwa da na shekara 5 ina karantar da nawa a gida, na ci rogon na san ɗanɗanonsa.

Ga yadda abin ya same ni. Ina da NCE, na koyar shekara 6 a wata makarantar kuɗi a nan cikin garin Bauchi kafin in ajiye bayan haihuwa ta biyu. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, lokacin babban ɗana yana aji 1 na firamare. Ranar farko da na zaunar da shi a tabarma na buɗe masa littafinsa, sai ya karanto mini shafin tas, har da rausayar da kai. Daɗi ya kama ni. Da na rufe hoton shafin da tafin hannu na nuna masa kalma ɗaya daga tsakiyar layi, sai ya yi tsuru-tsuru. Ashe hadda ya yi. Shekara 3 muna biya tun daga nazare, yaron bai san baƙi da wasali ne ke haɗuwa su ba da sauti ba. Ban ga laifin malamarsa ba, don na taɓa tsayawa inda take tsaye: yara 40 da ɗoriya, alli ɗaya, da mai makaranta da babban burinsa iyaye su ji yara suna rera Turanci daga bakin ƙofa. Da aka buɗe makarantu a ƙarshen shekarar ban mayar da shi ba. Sai bara ya koma, aji 5. Ƙannensa 2 suna gida har yau.

Dangin maigidana sun ɗauka wani yayi ne na kwaso a intanet. Gaskiya ne a Amurka abin ya zama tsari, doka ta yarda da shi a jihohinsu 50 duka, Ingila ma ta yarda, Jamus kuwa ta hana. Amma karatu a gida ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Makarantar allo a soron malam take, littattafai a zaure ake ɗaukar su, Nana Asma'u 'yar Shehu a gidan mahaifinta ta yi karatu, daga gidanta kuma ta riƙa tura malamai mata da ake kira jaji su karantar da mata a ƙauyuka. Sabon abu shi ne a ɗauko boko, mai manhaja da jarrabawa da satifiket, a shigo da shi tsakar gida. A nan ne ake bukatar zama a auna.

Wajen koyon karatu, wato yaro ya ga rubutu ya furta kuma ya gane abin da ya furta, gida ya yi wa makaranta fintinkau. Lissafin a fili yake. A inda na koyar darasi ɗaya minti 35 ne. Raba shi ga yara 40, kowa bai samu minti 1 cikakke ba, ko da malamar ba ta yi komai ba sai sauraronsu ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ake komawa amshi: malama ta faɗa, aji ya ɗauka gaba ɗaya, wanda ya iya da wanda bai iya ba duk bakinsu na motsi. A gida yaro yana samun minti 20 nasa shi kaɗai. Kina jin inda harshensa ya harɗe, kina ganin yana rikita b da d, ki gyara nan take kafin abin ya zauna masa.

Sannan a gida ke ce mai zaɓar harshen da za a fara da shi, kuma da Hausa na fara. Rubutun Hausa ba ya yaudara: ba, be, bi, bo, bu, abin da aka rubuta shi ake furtawa. Ɗana na tsakiya ya ɗauki abin cikin wata 4, daga nan ba abin da ya tsira daga bakinsa, allon shago, bayan Keke Napep, buhun shinkafa. Turanci kuwa harafi ɗaya sai ya yi sauti uku, yaron da bai ma jin harshen ba sai ya haɗa wahala biyu, ta gane rubutu da ta gane magana. Wanda ya riga ya san yadda haruffa ke aiki a Hausa, idan ya zo Turanci sauran rabin aiki ne. A da manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe tana cewa a koyar da yaro da harshen muhallinsa a shekaru 3 na farkon firamare, a 2022 ma Malam Adamu Adamu, ɗan jihar nan, yana ministan ilimi ya sanar da a kai abin har aji 6. Magana ce da ta tsaya a takarda. A makarantun kuɗi da yawa yaro ya yi Hausa a aji tara ake cinsa ko ya sha bulala. Abin dariya, littattafan koyon karatu mafi kyau da na taɓa riƙewa a Bauchi ba a makarantar kuɗi na gan su ba. Jerin Mu Karanta ne, waɗanda aka yi wa firamaren gwamnati a Bauchi da Sakkwato da tallafin Amurka. Wata ƙawata malamar firamare ta ba ni tsofaffin kwafi, da su na yaye biyu daga cikin yarana.

Kada dai in ɓoye inda makaranta ta ɗara. Yaron gida yana karanta Turanci da kyau amma bakinsa na da nauyi, don ba ya da wanda zai yi da shi sai uwarsa, ita ma in rai ya ɓaci Hausa take komawa. Jarrabawa kuwa duk da Turanci ake yin ta. Babbana da ya koma makaranta ya fi yawancin ajinsu fahimtar abin da ke shafi, amma ya yi zango guda ba ya ɗaga hannu, yana tsoron a yi masa dariya.

Lissafi ma haka yake, gida ne a gaba da farko. Da marafen lemo muka yi tarawa da ɗebewa. Kaskon masarmu mai rami 7 shi ya koya musu sau: zubi 3 masa nawa ke nan, in mu 5 ne kowa zai samu nawa, saura nawa. Aike shago ya zama jarrabawa, wanda ya kawo canji ba daidai ba ya koma. Har aji 3 ko 4, duk uwar da ta gama sakandare da hankalinta za ta iya. Daga nan abin ya fara fin ƙarfina. Hausa da darasin addini na haɗa a NCE, don haka da aka zo kason lamba da lissafin kashi cikin ɗari, sai in kwana ina koya a waya in wayi gari ina koyarwa, yaron kuma yana gane cewa ƙafata ba ta tsaya ba. Ba na jin kunyar faɗa, shi ne dalili na farko da ya sa na fara tunanin mayar da shi.

Islamiyya ba ta cikin wannan awon. Ko da wasa ban cire su ba, ba na kuma ba kowa shawarar cirewa. Sai dai yaron gida ya fi samun ƙarfin zuwa. Ɗan makarantar kuɗi ya fita ƙarfe 7, ya dawo wajen 2, ya ci abinci ya tafi Islamiyya da la'asar, ya dawo gab da magariba, sannan ga aikin gida na darasi 3 yana jiransa. Yaro ɗan shekara 6 ke nan, yana gyangyaɗi a kan littafi. Namu bayan asuba suke hadda, lokacin ƙwaƙwalwa na sabuwa. Rigimar da muka samu ɗaya ce: kakansu da Warshu ya yi karatu irin na tsangaya, Islamiyya kuma Hafsu ake yi, sai ya riƙa gyara musu abin da ba kuskure ba. Sai da babansu ya je ya zauna da shi cikin ladabi aka sasanta.

Yanzu kuɗi, tunda shi ya sa ƙanwata kira. Kuɗin zango shi ne wanda ake gani, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai yunifom kala biyu ko uku, littattafan da dole a makarantar za a saya kuma ƙani ba ya gadon na wa don an rubuta a ciki, kuɗin taron iyaye da malamai, kuɗin tara kullum, bikin yaye ɗalibai har na 'yan nazare da riga da hula kamar sun gama jami'a. Sai sufuri, wanda tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ya zama wani kuɗin makarantar daban. Litar da ba ta kai N200 ba ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce N1,000, mai Keke kuwa ba sadaka ya fito yi ba. Duk wannan karatun gida yana ɗauke shi.

Amma shi ma yana da nasa. Littattafai dole a saya, ga takarda da hoton kwafi, ga data, ga fitila mai sola. Ga abinci, kada a raina wannan: yara maza 3 da suka wuni a gida sun fi fara ɓarna, kwanon gyaɗa ba ya kwana. Babban kuɗin kuwa shi ne safiyar uwa. Idan dama ba ta fita aiki, gida ya fi araha nesa ba kusa ba. Idan tana ɗaukar albashi, ko da mafi ƙarancin nan ne na N70,000 da aka sa wa hannu a 2024, ko tana da sana'ar da da safe take ci, ɗinki ko tuya ko shago, to ta fara rubuta abin da za ta rasa a wata kafin ta rubuta abin da za ta tsira da shi. Sau da yawa lissafin kifewa yake.

Kuma duk wanda kuɗi ne kaɗai dalilinsa, akwai hanya ta uku da girman kai ke hana mu kallo. Firamaren gwamnati kyauta ce. Ajin a cike yake, wani wurin a ƙasa ake zama, na sani. Amma yaron da ke zuwa can da safe, uwarsa ko ubansa kuma na zama da shi minti 30 kowane dare ba fashi, ya fi wanda aka cire daga makarantar kuɗi aka ajiye a gida ba tsari. Wannan na faɗe shi ko a gaban waye.

Tsarin shi ne inda yawancin mutane ke faɗuwa, ni ma na sha faɗuwa. Karatunmu daga 8 ne zuwa 10 da rabi, Litinin zuwa Juma'a. Awa biyu da rabi, ya isa, don ba taron safe, ba jiran a yi shiru, ba kiran suna. A baki abu ne mai sauƙi. Amma ƙarfe 8 na safe a gidan Bahaushe ba na matar gida ba ne. Lokacin ne mai ruwa ke sallama, lokacin ne wuta ke zuwa bayan kwana 2 a ce maza a yi niƙa da guga, lokacin ne maƙwabciya ke leƙowa ta ce, "Maman yara, tunda kina gida ga wannan ki riƙe mini in je asibiti in dawo." Wannan "tunda kina gida" ya ci mini darussa sun fi a ƙirga. Ga suna, ga biki, ga gaisuwar mutuwa, wanda ba ka je ba a ce ka yanke zumunci. Sai da na koyi rufe ƙofa da kashe waya, na sha gori kuwa, har aka sa mini suna Shugabar Makaranta.

Shekarar da surukata ta kwanta a asibiti, mako 6 ina jinya, mako 6 ba wanda ya buɗe littafi. Wannan shi ne babban abin da makaranta ta fi gida da shi, kuma ba a lura da shi sai an rasa: makaranta ba ta rufewa don uwa ta yi zazzaɓi, ko tana laulayi, ko ta tafi wankan gida. Malama ta yi rashin lafiya wata ta shiga ajin. A gida in kin kwanta makarantar ta kwanta.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo. Malama tana yi wa yaro faɗa ta tashi ta tafi gidanta. Ni yaron da na daka wa tsawa ƙarfe 9 a kan ya manta abin da muka yi jiya, shi zan zuba wa abinci ƙarfe 1, shi zan yi wa addu'a da dare. Akwai watannin da na lura babbana ya daina zuwa ya jingina da ni haka kawai, don duk zaman da zai yi kusa da ni yana tsammanin tambaya ce za ta biyo. Mace mai saurin hannu ta yi wa kanta adalci a nan. Haka wadda ke zaune a gidan yawa ko da abokiyar zama: 'ya'yan ɗaki ɗaya su sa yunifom su fita, naki su zauna, kullum sai an sami mai cewa wani abu, yaran kuma suna ji. In kuma maigida bai yarda da abin har zuciyarsa ba, ya dai yi shiru ne don a zauna lafiya, kada a fara. Ranar da yaro ya kasa amsa tambayar wani baƙo, ke kaɗai za a kalla.

Sai batun kasancewarsu maza. Yaro namiji ɗan shekara 5 ko 6 ba a halicce shi don ya zauna a benci daga 8 zuwa 1 da rabi ba. A ajin da na koyar, kusan duk wanda ake kira mara ji namiji ne, kuma yawancinsu ba rashin ji ke damun su ba, jikinsu ne ke neman motsi. A gida minti 15 ko 20 muke yi, in sake su. Su yi langa, su tuƙa gare, su buga ƙwallo har su fasa mini tulu, su dawo su zauna lafiya lau. Autana a tsaye yake karatu, ƙafa ɗaya a kan turmi, ban taɓa hana shi ba. A watan Maris da Afrilu, in zafin Bauchi ya tashi, mukan gama komai kafin 10 mu shige inuwa. Da hunturu kuma mu jira rana ta fito. Makaranta ba ta da wannan sassaucin, kuma ba laifinta ba ne.

Amma daga shekara 8 zuwa 9 sai abin ya juya. Na fara ganin babbana yana tsayawa a bakin ƙofa ƙarfe 2 yana kallon masu dawowa daga makaranta, yana jin labarin wasan da ba ya ciki. A gida shi ne sarki: ya fi ƙannensa gudu, ya fi su karatu, bai taɓa zuwa na 12 a komai ba. Bai iya shan kaye ba, in aka ci shi a ƙwallo a layi sai ya ɗauke ƙwallonsa ya shigo. Bai saba bin layi ba, bai saba karɓar umarni daga wanda ba ya ƙaunarsa kamar uwa ba. Islamiyya ta rage wani abu, ba ta rage duka ba. Namiji yana bukatar sa'annin da za su fi shi, da manyan maza da zai kalla ya kwaikwaya, uwa kuwa komai ƙoƙarinta ba za ta zama wannan ba. Babansu ya ɗauki nasa kason, in ba haka ba da tuni na haƙura. Shi ke tafiya da su masallaci, ranar Asabar su bi shi kasuwar Muda Lawal su riƙe lissafin cefane, da damina su je gona. Shi ya kai su kabarin Tafawa Balewa ya gaya musu cewa mutumin nan malamin makaranta ne a garin nan kafin ya zama firaminista, ya kai su Yankari suka yi wanka a Wikki, suka dawo suka yi mako suna zana giwa da gwaggon biri. Gidan da uba ke fita da asuba ya dawo bayan isha, ko yake aiki a wani gari, karatun gida ga yara maza yana da wuyar tsayuwa.

Iyaye da yawa tarbiyya suke kawowa hujja, wai yaro yana kwaso zagi da munanan ɗabi'u a makaranta. Yana kwasowa, amma a layi ma akwai. Hasali ma da safe unguwa ta fi haɗari, don yaran kirki duk sun tafi makaranta, waɗanda suka rage a kan dakali manya ne da ba karatu ba sana'a. Mu 'yan Bauchi mun san sara-suka, mutanen Gombe sun san Kalare, kuma ba daga sama suka faɗo ba, daga zaman banza suka fara. Yaron da aka cire daga makaranta aka gama da shi ƙarfe 10 da rabi, sai an san inda sauran wuninsa zai tafi. In ba layi ba, to waya ce da katun, ita ma ba ta fi ba.

Doka da takardu ba su da daɗin ji amma dole a taɓa su. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9. Wanda ya ƙi, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar N2,000 ko ɗaurin wata 1, bayan nan N5,000 ko wata 2. Dokar ba ta yi tanadin yi wa mai karantarwa a gida rajista ba, kamar yadda Afirka ta Kudu ta yi a tata. Ni ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa, amma ba wanda zai ba ɗana takarda kuma. Satifiket ɗin firamare da ake rainawa, shi ake nema ranar ɗaukar aikin soja ko ɗan sanda ko na gwamnati, a gwada shekarunsa da na sauran takardu. Mai son ɗansa ya shiga kwalejin tarayya sai ya zauna jarrabawar shiga da NECO ke shiryawa. Ta cikin garin Bauchi ta 'yan mata ce, namiji sai dai irin ta Azare. Can gaba WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, ƙofar ba a rufe take ba, amma ni ban ga yadda uwa za ta yi wa yaro kimiyyar sakandare a tsakar gida ba ɗakin gwaji ba.

Abin da na yi shi ne bin manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu ta ƙasa, ta hanyar sayen littattafan kowane aji, in adana duk aikin da yaro ya yi a fayil da kwanan wata. Da zan mayar da babbana na ɗauki fayil ɗin na je, suka yi masa gwaji suka sa shi aji 5, don ya samu shekara 2 sunansa na rajista kafin ya fita. An ba ni shawarar in biya wata makaranta ta riƙa rubuta sunansa alhali ba ya zuwa. Na ƙi. Ba zan zauna ina koya wa yaro gaskiya da safe ba, takardarsa kuma ƙarya ce.

Tsakanin gida da makaranta akwai wani tsari da nake ganin ya fi dacewa da mutane da yawa. Gida 3 ko 4 su haɗu su ɗauki malami ɗaya, yara kada su wuce 8, a soron ɗaya daga cikinsu. Masu NCE daga kwalejojin ilimi na Kangere da Azare da ke zaune ba aiki suna da yawa, kuma abin da gida 4 za su haɗa sau da yawa ya fi abin da ƙaramar makarantar kuɗi za ta ba shi. Yara sun sami sa'anni, uwa ta sami safiyarta, karatu ba ya tsayawa don mutum ɗaya ya kwanta. Mun gwada shekara guda. Abin da ya kashe shi ba karatu ba ne, biya ne: gida ɗaya ya riƙa jinkiri, aka ji nauyin tambaya saboda maƙwabtaka, malamin ya sami wani aiki ya tafi. Wanda zai yi, a karɓi kuɗin zango gaba ɗaya tun farko, a ajiye a hannun mutum ɗaya. Ko malamin haɗaka ne ko malamin lesin mai zuwa gida, a zaunar da shi inda ido ke kaiwa, ƙofa a buɗe.

In aka ce in raba gardama, ga inda na tsaya. Daga shekara 4 zuwa 8, in akwai uwa ko wani babba mai safiya a hannunsa, mai haƙuri, da uba da ya sa hannu, gida ya fi, musamman ga namiji. Kuɗin nazare a ganina yawancinsa asara ne. Daga shekara 9 makaranta ta fi, kuma ya kamata yaro ya shiga kafin aji 5 ya wuce shi. Wanda yake shakka ya gwada kansa kafin ya taɓa rajistar ɗansa: dogon hutun Agusta, mako 4, awa 2 kullum a lokaci ɗaya. Da gwamnatin Bauchi ta rufe makarantu a azumin 2025, maƙwabtana biyu sun gwada. Ɗaya ta kai ƙarshe har ta ci gaba, ɗayar kwana 6 ta yi ta ce, "Maman yara, Allah ya ba ki lada, ni kam a buɗe makaranta." Duka biyun sun san matsayinsu ba tare da yaro ya rasa zango ba.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, wani makon da safe take aiki, wani makon kwana. Mijinta kuma kasuwanci na kai shi Kano kusan kowane mako. Da ta sake kira washegari na ce, "Ba za ki iya irin nawa ba, kuma ba gazawa ba ce. Wa zai zauna da su ranar da kika kwana a asibiti?" Ta yi shiru, can ta ce, "To Adda, ya zan yi?" Muka zauna a waya muka yi lissafi. Babban ta mayar da shi wata makaranta mai sauƙin kuɗi da ke bayan layinsu, da ƙafa yake zuwa, kuɗin Keke ya fita. Ƙaramin ta cire shi daga nazare na shekara guda, yana wuni wajen Goggo yana zuwa makarantar allo, ita kuma minti 30 kullum, ko da safe ko da dare, duk yadda aikinta ya ba ta. Na haɗa mata tsofaffin littattafanmu a leda na ba direban motar Gombe.

Shekaranjiya ta turo mini saƙon murya. Yaron ne yake haɗa baƙi, a hankali, yana numfashi tsakanin gaɓa da gaɓa: "ƙo… sai." Sai ya yi shiru, sannan na ji ya ce, "Umma, ƙosai ne! Akwai?"